Sayen mazot a tsaunukan Faransa ba tare da filin da yake kai ba, wacce hanya ta fi?

Duk wanda ya taɓa zagawa ƙauyukan Haute-Savoie a Faransa, wajen Chamonix ko Megève ko kwarin Abondance, zai ga wasu ƴan ɗakunan katako da rana ta ƙona suka yi baƙi a gefen manyan gidajen manoma. Su ne mazot, ana faɗin "mazo". Rumbu ne dai a taƙaice, sai dai su ba hatsi kaɗai suke sawa ba, har kayan ado na biki da takardun gado da duk wani abu mai daraja, kuma da gangan ake gina shi nesa kaɗan da gida don in gobara ta tashi ta cinye gidan a samu abin da ya tsira. A yankin Valais na Suwizalan akwai ɗan uwansa raccard, shi an ɗora shi kan ƙafafu da faffaɗan dutse a saman kowace ƙafa don ɓera ya kasa hawa, wallahi tunanin iri ɗaya ne da yadda muke ɗage rumbu kan duwatsu.

To yanzu ana tallar su sosai, kuma da yawa za ka ga an rubuta ɗakin kaɗai ake sayarwa, banda fili. A nan ne mutane ke ruɗewa, don farashin yana da daɗin ji in ka kwatanta da gida a irin waɗannan wurare.

Hanyoyi uku ne a gabanka. Hanya ta farko ita ce ka saya ka kwance ka kai filinka. Ginin ya dace da haka, don gumagumai ne da aka sassaƙe aka ɗora ɗaya kan ɗaya aka sarƙe su a kusurwa, kafinta zai sa wa kowanne lamba ya ɗauki hoto ya kwance ya je ya mayar yadda yake. Ƙarami kuma a kan ɗauke shi sukutum da motar ƙugiya, amma in faɗinsa ya wuce mita 2.55 sai an bi ƙa'idar ɗaukar kaya na musamman a kan titi, kuɗi ya ƙaru kenan. Abin da nake so a gane shi ne tsufan ɗakin ba ya ba ka izinin dasa shi inda ka ga dama, a idon hukuma sabon gini ne a filinka. In bai wuce murabba'in mita 5 ba yawanci ba takarda, sai in wurin yana cikin yankin da aka kare. Daga 5 zuwa 20 sai ka kai sanarwa ofishin magajin gari, wadda suke kira déclaration préalable, amsa wata ɗaya. Ya haura 20 kuma sai cikakken izinin gini. Ga harajin gini da ke hawa kan duk rufaffen ɗaki da ya wuce mita 5 in tsayin cikinsa ya haura mita 1.80. Sannan in filin naka na noma ne ko na daji a tsarin garin, ana iya hana ka gaba ɗaya, ga dokar tsaunuka ta 1985 da ta tsaurara gini nesa da inda gidaje suke. Shi ya sa ni dai shawarata, kafin ka biya ko sisi ka je ofishin magajin gari ka nemi certificat d'urbanisme, wato takardar da ke nuna abin da aka yarda a gina, a kan filin ka faɗa musu abin da kake son yi, kyauta ne, wata biyu za su ce maka zai yiwu ko ba zai yiwu ba.

Hanya ta biyu ita ta fi jan hankali kuma ita ta fi haɗari: ka saya ka bar shi a inda yake, a filin wani ko na ƙaramar hukuma. Mutum zai ce maka ai ba komai mai filin mutumin kirki ne, tun kakanni haka ake. To mutumin kirkin zai rasu ko ya sayar. Dokar farar hula ta Faransa a sashe na 552 ta ce mai ƙasa shi ke da abin da ke samanta da ƙarƙashinta, sashe na 553 kuma ya ce duk ginin da ke kan fili ana ɗaukarsa na mai filin ne sai in ka kawo hujjar akasin haka. Ka ga kenan kai ne za ka yi ta fafutukar nuna cewa ɗakin naka ne. Mun san irin wannan a gida, wanda ya gina shago a filin aro da baki kawai, ranar da magada suka zo raba gado shi ake fara cewa ya kwashe, kayan aro ba ya rufe katara. In dole sai wannan hanyar kake so to kar ka yarda da hayar shekara-shekara, ka nemi doguwar hayar da suke kira bail emphytéotique, daga shekara 18 har zuwa 99, a yi ta gaban notaire, wato masanin shari'a da hukuma ta ba ikon tabbatar da takardun filaye da gidaje, a yi mata rajista, don ita tana ba ka haƙƙi a kan filin kansa, ko an sayar da shi tana nan, kana iya sayar da haƙƙinka ko ƴaƴanka su gada. Amma ka karanta abin da takardar ta ce game da ƙarshen wa'adi da kyau, don bisa al'ada abin da ke kan filin yana komawa ga mai filin. Kuma a rubuta hanyar shiga, ɗaki a tsakiyar makiyayar wani ba tare da izinin wucewa ba ba shi da amfani.

Ta uku ita ce kafinta ya yi maka sabo, wasu ma da tsohon katako suke yi. Ba ruɓa, ba rigimar magada, kai ka zaɓi girman. Takardun izini dai duk ɗaya ne. Gaskiya ba shi da wannan kwarjinin na tsohon, amma wanda ɗakin ajiya yake nema a bayan gida ba tarihi ba, wannan ya ishe shi.

In tsohon ka zaɓa kar ka yi cinikin biri a sama, hoto ba ya nuna ruɓa. Ka je da sukundireba ka tsokani gumaguman ƙasa da kusurwoyi da ƙarƙashin rufi inda dusar ƙanƙara ke narkewa, in ya shige da sauƙi ko ka ga ƴan ramuka da garin katako to ƙwaro ya shiga. A cikin itatuwan tsaunukan da ake ginin da su, katakon mélèze ya fi na épicéa jure ruwa, ka tambaya da wanne aka yi. Ka duba ko ƙofar da makullinta na asali ne don su ake fara cirewa a sayar daban. Sai babbar tambaya, waye mai shi? Da yawa kayan gado ne da ba a raba ba, mutum ɗaya ba zai sayar shi kaɗai ba, ka nemi sa hannun dukkan magada, kuma ka tambayi ofishin magajin garin da yake ciki ko sai da izinin rushewa kafin a kwance, don wasu garuruwan sun sa irin waɗannan ɗakuna cikin kayan tarihin da suke karewa.

Ni in ina da fili kuma takardar ta fito da kyau, ta farko zan ɗauka. In ba ni da fili kuma mai filin ya ƙi zuwa gaban notaire, zan haƙura da ɗakin komai kyansa.