Taswirar yankan jaket ta Burda a kan atamfa: inda za a sauya da inda za a ƙyale

Yawancin telolinmu ba sa yanka da takarda. Awo suke ɗauka da tef, su zana da alli a jikin yadi, su sa almakashi, kuma ga buba ko doguwar riga ko kaftani wannan hanya ta wadatar. Jaket ce ke tona asirin yankan ido, domin dole kafaɗarta da ramin hammatarta da hannunta su haɗu daidai, in ba haka ba sai rigar ta riƙa ɗagewa duk lokacin da mai ita ta miƙa hannu. Na yi aiki da taswirar yankan jaket ta mujallar Burda Style a kan atamfa, kuma a ganina ta cancanci kuɗinta da lokacin da take ci, muddin mai ɗinki ta san inda za ta taɓa da inda za ta ƙyale.

Aenne Burda ce ta kafa mujallar a garin Offenburg na ƙasar Jamus a 1950, kuma tun 1952 ake saka manyan takardun yanka a tsakiyarta. A yau ana iya sayen taswira guda ta intanet, a buga ta a takardun A4, a manne su da juna. Wadda ta zaɓi haka ta tsaya a kan mai bugawa ya fitar da shafukan a ainihin girmansu, sannan ta auna ɗan murabba'in gwaji da ke jiki ta tabbatar santimita 10 ne cif, domin ƙanƙancewar da ido ba ya gani a shafi ɗaya tana taruwa ta zama matsatsiyar riga.

Takardar cikin mujallar kuwa, ganin farko tana tsorata mutum. Layukan riguna da yawa ne aka ɗora a kan juna, ja da kore da shuɗi da baƙi, kuma kowane girma da irin layinsa, wani ɗigo-ɗigo, wani a tsinke. Ba a yanka ta. Takarda mai shara-shara ake shimfiɗawa a kai a kwafi sassan da ake so da fensir, tare da kibiyar da ke nuna tsayin zaren yadi da ƙananan lambobin da ke kusurwa, waɗanda su ne ke nuna wane gefe zai haɗu da wane. Taswirar mujallar ba ta haɗa da rarar ɗinki ba, saboda haka mai yanka ce za ta ƙara santimita ɗaya da rabi a gefuna, da kamar huɗu a inda za a kalmashe. Wasu na ƙorafi a kan wannan, amma ni alheri na gani a ciki, domin layin da ke takarda shi ne ainihin inda allura za ta bi, kuma duk gyaran da za a yi a kansa ake auna shi kai tsaye.

An zana taswirar ne don mace mai tsayin santimita 168, kuma lamba 40, alal misali, tana nufin ƙirji 92 da ƙugu 74 da kwankwaso 98. Da awon ƙirji ya kamata a zaɓi lamba. Idan kwankwaso ya fi abin da jadawali ya nuna, kamar yadda ake yawan samu, sai a ja layi a hankali daga ƙugu zuwa layin lamba ta gaba, maimakon a ɗauki babbar lamba gaba ɗaya kafaɗa ta zube. Tsayi ma ba shi da wahala. Ni na tsaga takardar a ƙasan ƙugu na ƙara mata, har jaket ɗin ta sauko ta rufe kwankwaso yadda za ta dace da zane ko siket, na kuma cire naɗaɗɗiyar kwalar na bar wuyan a zagaye, domin zanen atamfa ya riga ya cika ido, ba ya buƙatar ƙarin ado.

Inda nake roƙon a yi hattara shi ne hannu da ramin hammata, domin nan darajar taswirar take. Hannun gida biyu ne, na sama da na ƙasa, kuma an ɗan lanƙwasa shi yadda hannun mutum yake idan ya sake shi. Ramin hammatar kuma a ɗage yake, abin da ke ba mutum damar motsi ba tare da rigar ta bi shi ba. Mai faɗaɗa ramin don neman sakewa akasin haka za ta samu. Gyara ɗaya kawai atamfa ke nema a nan: kan hannun ya ɗan fi ramin tsawo, da niyyar a shigar da rarar da tururin guga, kuma yadin ulu yana karɓar haka, amma atamfa auduga ce mai tauri, sai ta tattare. Rage tudun kan hannun da 'yan milimitoci yana magance wannan, kuma a yadin akoko mai araha ya kamata a fara gwadawa kafin almakashi ya taɓa atamfar da aka sayo da tsada a Kantin Kwari.

Lissafin yadin da ke cikin bayanin galibi na mai faɗin santimita 140 ne ko fiye, alhali atamfa ba ta cika wuce 120 ba, ga kuma buƙatar furen gaban dama ya yi daidai da na hagu. Saboda haka a tanadi fiye da abin da aka rubuta, a wanke a goge kafin yanka. Gaban rigar da bakin wuya suna buƙatar gam ɗin da ake mannawa da dutsen guga, kuma shafi mai sauƙi ya isa lokacin hunturu.

Bayanin ɗinkin a taƙaice yake, an rubuta shi ne don wadda ta riga ta iya haɗa riga, don haka sabuwar ɗaliba za ta so gwana a kusa da ita. Keken Butterfly na ƙafa ya ɗinke dukkan jaket ɗin ba tare da matsala ba, in ban da ramukan maɓalli, waɗanda na kai wa mai injin ya fitar.