WhatsApp ko LinkedIn ga mai neman aiki a Damagaram

Ƙanena, tsakanin gungun WhatsApp da LinkedIn da ka tambaya, ka kama WhatsApp. Amma ba kowane gungu ba. Wanda ke da mutum ɗari tara da ba su san juna ba, tsofaffin sanarwa kawai ake ta jujjuyawa a cikinsa. Ka nemi ƙaramin gungu: na waɗanda kuka gama Jami'ar André Salifou tare, ko na waɗanda kuka yi sitaj wuri ɗaya.

Ga yadda ɗaukar ma'aikata ke tafiya a nan. Wata ONG za ta yi anketa a ƙauyukan Mirriya ko Magarya, tana son masu ɗaukar bayanai da direba cikin mako guda. Shugaban tawagar ba ya da lokacin karanta tulin takardu. Sai ya rubuta a gungun tsofaffin abokan aikinsa: wa ya san yaro mai Hausa da Barbarci, wanda ya iya cike tambayoyi a tarho? Kafin la'asar wani ya ce ga wane, mun yi aiki tare, ba ya ƙaryar lambobi. Wannan shaidar ita ke sa a kira ka. Shi ya sa in ka shiga gungu kada ka zama bebe. Ka faɗi abin da ka iya, ka kuma turo wa wasu sanarwar da ba ta dace da kai ba.

Abin da ke kayar da mutane shi ne dosiye. Wa'adin kan zo gajere, kai kuwa ranar za ka fara bin takardu. Ka tanadi CV shafi biyu, kwafin diflom da aka buga wa hatimi, takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, da katin ANPE, wato hukumar gwamnati mai kula da masu neman aiki. Kaziye kuwa, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka, ana son wanda bai wuce wata 3 ba, ka riƙa duba kwanan watansa. Ka haɗa su a PDF ɗaya da sunanka a kansa. Hotunan takardu masu duhu da aka ɗauka bisa tabarma, ba mai buɗe su.

LinkedIn yana da amfani in kana da shekarun aiki da Faransanci mai kyau, kana hangen babban muƙami a Yamai. Ga mai farawa, cin kuɗin intanet ne. Buɗe shi ka ajiye.

Sai ka yi hattara da ƴan damfara. Suna liƙa tambarin babban kamfani ko na Majalisar Ɗinkin Duniya, su ce ka turo jika biyar ko goma kuɗin dosiye zuwa wata lamba. Hukumomin Majalisar ba sa karɓar ko dala kan neman aiki. In sanarwa ba ta da adireshin buro da ranar rufewa, ka ɗauki tarhonka ka je ofishin ANPE na Zinder ka nuna musu kafin ka aika ko da hoton katinka.