Na'urar Hargreaves a ɗakin gwaji na Kumasi: ta ci kuɗinta, in an kula da gilashinta

Masu gwada magungunan gargajiya a kan ɓeraye, irin aikin da ake yi a sashen haɗa magunguna na jami'ar KNUST da ke Kumasi, sun fi sabawa da faranti mai zafi wajen auna yadda magani ke rage ciwo: a saita shi digiri 52 zuwa 55, a ɗora ɓera, a jira ya lashi ƙafar baya ko ya yi tsalle. Yana da araha, amma ƙafafu huɗu yake gasawa lokaci ɗaya, kuma ɓera na koyon dabarar, sai ya riƙa tsalle da wuri in an maimaita.

Na'urar da Kenneth Hargreaves da abokan aikinsa suka bayyana a 1988 ta warware wannan. Kamfanin Ugo Basile na Italiya na cikin masu ƙera ta. Ɓera na zaune sake a ɗan akwatin roba a kan gilashi, ana tura fitilar zafi daga ƙasa a daidaita ta da tsakiyar tafin ƙafar baya. Da ya janye ƙafar, fitila ta mutu, agogo ya tsaya da kansa. Babban amfaninta shi ne a kumbura ƙafa ɗaya da allurar karajinan, wani sinadari mai jawo kumburi, kashi 1 cikin ɗari, mililita 0.1 ga babban ɓera, a bar ɗayar don kwatantawa. Bayan awa uku zuwa huɗu bambancin yakan fito fili. Nan ne maganin kumburi irin diclofenac ke nuna aikinsa, wanda a faranti da ƙyar ake gani.

A saita ƙarfin fitila yadda lafiyayyen ɓera zai janye ƙafa cikin sakan 10 zuwa 12, a kuma sa ta mutu a sakan 20 ko bai janye ba, don kada fata ta ƙone. Kowace ƙafa sau uku, da hutun minti biyar a tsakani.

Inda aiki ke lalacewa shi ne gilashin. Ɓera ya yi fitsari, danshin ya shanye zafi, sai lokaci ya ƙaru, ɗalibi ya ɗauka ganyensa ne ya yi aiki. A goge, a bari ya bushe tukuna. Gilashi mai sanyi ma haka yake yi, don yana sanyaya tafin ƙafa. Awon safiyar hunturu a ɗaki mai iyakwandishan ba zai yi daidai da na azahar ba. Wanda ke da hali ya nemi samfurin da ke ɗumama gilashi zuwa digiri 30. Sai haƙuri: manyan ɓeraye na bukatar aƙalla minti 15 kafin su natsu, ƙanana sukan kai awa guda. Kada a auna mai barci ko mai lasar jiki.

Batun dumsor kuwa, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, na'urar ajiye wuta dole ce, kuma a tabbata ta 230 bolt aka yi odar. A haɗa da ma'aunin ƙarfin fitila tun a sayen farko, domin fitila na rauni da tsufa ba tare da an lura ba.

Wanda morfin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, da danginsa kawai zai gwada, faranti ya ishe shi. Mai nazarin kumburi ko ciwon jijiya a ƙafa ɗaya ne ya kamata ya kashe kuɗin, bayan kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji ya amince da tsarinsa.