Tsakanin The Dice Tower da Ludology, Ka Fara da Ludology

Malam, in ana dara fid da uwa ake yi. Cikin shirye-shiryen fodkas biyun nan na wasannin tebur da ka tambaya a kansu, The Dice Tower da Ludology, ka ɗauki Ludology. Dukansu kyauta ne, dukansu da Turanci ake gabatar da su, kuma 'yan gida ɗaya ne ma, domin Ludology ya taso ne a cikin rukunin shirye-shiryen da The Dice Tower ya tara a ƙarƙashin inuwarsa. Inda suka rabu shi ne aikin da kowanne ya ɗora wa kansa: The Dice Tower yana gaya maka wasan da ya fito da ko ya cancanci kuɗinka, shi kuwa Ludology yana buɗe cikin wasa ne ya nuna maka abin da ya sa yake da daɗi ko yake gundurar mutane. Ga wanda ba ya zaune kusa da shagon da sababbin wasannin ke sauka, na biyun ne zai amfane shi.

Geoff Engelstein da Ryan Sturm ne suka fara Ludology a 2011 a Amurka. Engelstein mai ƙirƙirar wasanni ne da ya yi karatun kimiyya, kuma tun kafin wannan shiri yana da wani gajeren sashe mai suna GameTek da yake gabatarwa a cikin The Dice Tower, inda yake ɗaukar batu guda na lissafi ko na halayyar ɗan Adam ya bayyana shi ta hanyar wasa cikin 'yan mintuna. Daga baya masu gabatarwa sun yi ta sauyawa, irin su Mike Fitzgerald da Gil Hova da Emma Larkins, amma tsofaffin shirye-shiryen suna nan a ajiye, kuma su ne nake ba ka shawarar ka fara nema.

Abin da ya ɗaure ni ga shirin shi ne bayanin da Engelstein ya yi a kan sa'a iri biyu. Akwai sa'ar da ke zuwa kafin ka yanke shawara, akwai kuma wadda ke zuwa bayan ka yanke. A lido kana jefa dayis tukuna, sannan ka zaɓi ɗan da za ka tura. A whot ma ana raba maka kati ne kafin ka tsara yadda za ka zubar da su. A Risk kuwa, wasan yaƙin mamaye ƙasashe, akasin haka ne, sai ka ƙuduri kai hari sannan dayis ya yanke maka hukunci, shi ya sa wanda aka ci a can yake jin kamar an zalunce shi, alhali wanda aka ci a lido ya san a ransa cewa da ya tura ɗaya ɗan da ya tsira. Muna da wani yaya a gidanmu da ya shekara da shekaru yana cewa lido wasan yara ne, ba komai cikinsa sai sa'a, shi dara kaɗai ya sani wasan maza. Wani dare bayan sallar isha'i, muna zaune a tsakar gida, na fassara masa wannan bayani, sai ya yi shiru, ya ce a kawo allon. Daga ranar ya koma ƙirga gidajen da ke tsakanin ɗansa da na abokin karawarsa kafin ya motsa, kuma yanzu yaran gidan ba sa son zama da shi domin ba ya barin kowa ya kai gida lafiya. Har yau bai yarda ya janye maganarsa ba, sai dai shi ne yake fara tambayar ina aka ajiye dayis.

Lissafin da yake yi ɗin ba mai wuya ba ne, kuma irinsa ne shirin yake koya wa mai sauraro. Idan da dayis biyu ake wasa, hanyoyin da za su iya faɗuwa 36 ne. Jimillar 7 tana fitowa ta hanyoyi 6, jimillar 6 ko 8 ta hanyoyi 5 kowacce, amma 2 da 12 hanya ɗaya tak kowacce take da ita. Samun aƙalla shida guda da za ta fito da ɗanka daga gida a lido kuwa 11 ne cikin 36. Yawan fitowar 6 da 7 da 8 ɗin ne dalilin da ya sa a Catan, wasan kafa gidaje da tara albarkatu wanda Bajamushe Klaus Teuber ya fitar a 1995, aka rubuta lambobin 6 da 8 da jan launi, aka kuma ware 7 ga ɓarawon da ke hana ƙasa ba da amfani. Mutum zai iya buga Catan shekara guda bai lura da haka ba, amma da zarar an nuna masa, inda zai kafa gidansa na farko ya canza ke nan.

Haka nan shirin ya yi magana a kan yadda zafin asara yake fin daɗin riba a zuciyar mutum, ko da adadinsu ɗaya ne, abin da masana Daniel Kahneman da Amos Tversky suka rubuta a kansa a 1979. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo ya tashi daga wurin dara rai a ɓace saboda an cire masa ɗa guda, alhali shi ne a gaba, ya ga wannan da idonsa. Masu ƙirƙirar wasa suna sane da haka, shi ya sa wasanni da yawa na zamani suka daina ƙwace wa mutum abin da ya riga ya tara, suka koma ba wa abokin hamayyarsa ƙari. Akwai kuma sashen da Scott Rogers yake ɗaukar wasa guda ya ba da tarihinsa, kuma shi ne ya sa na je na bincika asalin lidon da muke ɗauka tamkar namu, na tarar daga wasan pachisi na Indiya aka samo shi, aka yi masa rajista a Ingila a 1896.

The Dice Tower kuwa ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Tom Vasel ya fara shi a 2005, yana cikin mafi daɗewa a wannan fage, kuma jerin wasanni goma mafi kyau da suke yi yana da daɗin ji idan kana wanke mota. Sai dai shiri ne na masu saye. A kasuwar baje kolin wasanni ta Essen a Jamus kaɗai, wadda ake yi kowane Oktoba, sababbin wasanni fiye da dubu ake fitarwa, kuma shirin da ke bin sawun irin wannan ambaliya dole ya cika da sunayen kwalayen da ba za ka taɓa riƙewa ba, kuma mafi yawansu ba a sake ambatonsu bayan shekara biyu. In ka tashi sayen wani wasa takamaimai, ka nemi bidiyonsu a kansa a YouTube, ka ga kayan cikin kwalin da idonka. Wannan ya wadatar.

Ludology ma yana da nasa nauyin. Wasu hirarrakin da masu ƙirƙira da masu buga wasanni sun fi dacewa da wanda yake son shiga sana'ar, kuma sukan ambaci wasanni barkatai kamar kowa ya san su. Saboda haka ka fara da gajerun sassan GameTek, in Turancin ya yi maka sauri ka rage gudun muryar a manhajar, sannan ka riƙa duba sunan duk wasan da ya shige maka duhu a BoardGameGeek, shafin intanet da ke tattara bayanan wasannin tebur. Ta fuskar data kuma sauti ya fi bidiyo sauƙi nesa ba kusa ba, domin shirin awa guda yakan ci tsakanin megabait 30 da 60 gwargwadon ingancin sautin, don haka ka sauke da dare ka saurara da rana. Manhajar sauraron fodkas ta AntennaPod kyauta ce a wayar Android, Pocket Casts da Spotify ma suna yi. Kada ka ɓata lokaci neman Google Podcasts, an rufe ta a 2024. Idan kuma darar Turawa ce, wato chess, ta fi jan hankalinka, musamman tun da Tunde Onakoya ya yi awa 60 yana buga ta a dandalin Times Square na New York a Afrilun 2024, to shirin fodkas na Perpetual Chess da Ben Johnson ke gabatarwa shi ne naka, ka nemi hirarrakinsa da manyan mutane masu aiki da iyali waɗanda suka ƙara ƙwarewa bayan sun girma.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, domin duk wanda ya fara sauraron waɗannan shirye-shirye ƙarshensa sai ya nemi sayen wasa. Da farko, kada ka ba kowa ko kwabo da sunan zai yi maka rajistar sauraro ko zai buɗe maka shirin, babu abin da aka kulle. Na biyu, jabun wasanni sun cika kasuwa, kuma waɗanda suka fi shahara su aka fi kwaikwayo. Catan ɗin da na fara mallaka daga wani mai talla a intanet na same shi, wanda ya rantse mini cewa daga Turai aka kawo, kuma hoton da ya turo na asalin ne. Da kwalin ya iso, katunan sirara ne har ana hango rubutun bayansu a hasken fitila, warin tawada ya cika ɗaki, gefunan allon ba sa haɗuwa, kuma da na koma neman mai kayan sai na tarar ya toshe lambata. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na sauran masu sayarwa shi ne alama ta farko. Ka ce a ɗauko maka bidiyon ainihin kwalin da za a aiko, ba hoton da aka kwafo ba, ka duba ko rubutun jikinsa ya fito tsaf ko ya yi dishi-dishi, kuma kada ka biya duka kuɗin sai kaya sun zo hannunka. In Catan ne, ka buɗe shi a gaban ɗan aiken ka ƙirga: allunan ƙasa masu kusurwa shida 19 ne, ƙananan lambobin da ake ɗorawa a kansu 18, katunan albarkatu 95, katunan ci gaba 25. In ɗaya ya gaza, ka mayar masa da kayansa tun bai tayar da babur ba.