Hattara da masu duba baƙin mai a bakin titi

Naira 24,000 na tura wa wani mai duba baƙin mai da hannuna, har da yi masa godiya! Godiyar nan ita ta fi ci mini rai.

Iskar taya kawai na tsaya sha a hanyar Kano zuwa Zariya. Sai wani saurayi mai kayan gareji ya matso: "Alhaji, buɗe bonet in duba maka mai, injin nan na ƙara." Ya zaro geji, wato ƙarfen auna baƙin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya kawo mini dab da ido. Mai bai ko taɓa layin ƙasa ba. Ya ce, "Allah ne ya tsayar da kai, da kafin Kwanar Ɗangora injin ya buga." Wa zai ji haka da iyali a mota ya tsaya musu?

Shekara 14 ina tuƙi, ni ba sabon shiga ba ne. Na ga ya goge, na ga ya mayar. Abin da ban lura ba, bai tura gejin har ƙarshe ba, ya tokare shi da yatsa. Makanikena ne ya gwada mini washegari, bayan salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi. Kai, tun a daren ma na ji ƙauri. Kuma ban fi sati uku da yin juyen baƙin mai ba, na ma faɗa wa yaron, ya ce ai injin shan mai yake.

Lita 2 ya ɗura, 24,000. Tsakanin layin ƙasa da na sama kusan lita 1 ce kacal, Corolla kuma gaba ɗaya wajen lita 4 take ci. Man ya haura layin sama, ya yi kumfa. Da aka sauke, ashe tsohon mai ne aka tace aka zuba a sabuwar roba. Juye da filta suka sake cin 38,000, ban da waccan 24,000 ɗin.



Ku duba da kanku: a fili marar gangare, a kashe mota minti 10, a tura geji har ya zauna. Ni da na koma jiya, mai iskar taya ya rantse bai san yaron ba.