Kahoot ko Plickers: wanne ya dace da ajin karkara?

Wasannin kacici-kacici biyu na intanet na gwada a ajina na ƙaramar sakandare, a wani ƙauye kusa da Ringim.

Kahoot, wanda aka ƙaddamar a ƙasar Norwe a 2013, shi ya fi armashi. Malami ya nuna tambaya, yara su shigar da lambar wasa a waya su zaɓi amsa, mai saurin amsawa daidai ya fi samun maki. To amma ina wayoyin? Uku muka aro a wurin malamai, maza suka yi cincirindo a kansu, ana tsaka da wasa sabis ya ɗauke. 'Yan matan da ke baya ko taɓa waya ba su samu ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Plickers kuwa wayar malami kaɗai yake buƙata. Kowane ɗalibi ana buga masa kati mai baƙin zane, gefensa huɗu A, B, C da D. Ya juya amsarsa sama ya ɗaga, ni kuma in bi ajin da kyamara. Nan take nake ganin wanda ya gane da wanda aka bari a baya, kuma satar amsa ta yi wuya, don zanen kowa daban. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba, sai ga katinta daidai sau biyar a jere!

Aibinsa, katunan 63 ne iyaka, ajina kuwa ya haura haka, dole na haɗa wasu bibbiyu. Duk da haka shi na riƙe, har na manna katunan a kwali kada su yage.