Jahazi ko katamaran: wanne Bakano zai hau ya zaga tsibirai?

Tun da na dawo daga tsibirin Lamu na ƙasar Kenya, kusan kullum sai wani ya leƙo shagona a Kantin Kwari ya ce, "Alhaji, wannan yawon teku da ka yi, ta ina ake farawa?" Yawancinmu iyakar ruwan da muka sani Tiga ne ko Bagauda, don haka duk abin da ejan ya nuna mana a waya sai mu yarda. Sau biyu na yi tafiyar nan, ta farko aka cuce ni, ta biyu na samu abin da na je nema. Ga yadda nake auna jahazi da katamaran yanzu.

Jirgin da nake nufi shi ne wanda iska ke turawa, ka kwana a cikinsa, ka wayi gari a bakin wani tsibiri. Tafiyarsa ba ta wuce kilomita 10 zuwa 13 a awa, mai gaggawa ba nasa ba ne.

Ni dai zaɓina jahazi ne, jirgin katako na mutanen gaɓar Afirka ta Gabas, kuma a Lamu ta ƙasar Kenya. Ƙyallensa guda ne mai kusurwa uku, suna kiransa tanga, matuƙin kuma nahodha. Har yau da hannu ake sassaƙa shi a ƙauyen Matondoni. Iska biyu ce ke tafiyar da rayuwarsu: kaskazi, mai busowa daga arewa maso gabas daga wajen Disamba zuwa Maris, da kusi, mai zuwa daga kudu daga Afrilu zuwa wajen Satumba. Da su kakanninsu suka yi fataucin Oman da Indiya, kamar yadda namu suka yi na Gwanja da jakuna. Baƙo ya je lokacin kaskazi, ruwa ya fi kwanciya. Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi, kada ka biya kuɗin waɗannan watanni komai ragin da aka yi maka.

A tafiyata ta biyu, kwana huɗu muka yi tsakanin tsibiran Lamu da Manda da Pate. Ba agogo ke sa a tashi ba, cikar teku ce, domin akwai mashigin da ba ya biyuwa sai ruwa ya hau. Daren farko nahodha ya taɓa ƙafata tun kafin asuba, muka yi alwala da ruwan teku, wanda kowane ɗalibi ya san mai tsarki ne, muka tayar da salla muna fuskantar arewa. Wannan ya daɗe a raina: mu da muka saba kallon gabas, a can alƙibla kusan arewa sak take. Muna sallamewa yara biyu suka ja igiya, ƙyallen ya buɗe ya cika, ba ƙarar inji, sai kukan katako da ruwa na gogar cikin jirgin. Yaron da ke girki ya hura gawayi a wani ɗan akwatin ƙarfe, ya gasa kifin da aka kamo da dare, ya haɗa da shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa da shayi mai citta. Ban tambayi ko halal ne ba, ba a kuma ajiye kwalba a gabana ba.

Garin kansa zai yi wa Bakano daɗi. Lunguna ne ƙanana kamar na cikin Birni, jakuna ke ɗaukar kaya, mota kusan babu. UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. A watan Rabi'ul Awwal ana babban Mauludi a masallacin Riyadha da Habib Swaleh ya kafa, har da tseren jahazi. Sai dai ka shiga ta jirgin sama, ka sauka a filin da ke tsibirin Manda, kada ka bi hanyar mota, kuma kafin ka nausa arewa wajen iyakar Somaliya ka ji ta bakin mutanen gari.

Aibinsa ba zan ɓoye ba. A kan katifa ake kwana a sarari, bayan gida kuma a yawancinsu ɗan akwati ne da aka rataya a bayan jirgin. Da abokai maza, lafiya lau. Da Hajiya da yara kuwa, a nan katamaran ya yi gaba: jirgi ne mai ciki biyu kamar an haɗa tagwayen kwale-kwale, ba ya karkata, yana da ɗakuna masu ƙofa da banɗaki, mai saurin jiri ma ya fi samun sauƙi a kansa. Kuɗinsa ne ke da nauyi, kuma da dala ake lissafi, ka fara zuwa Wapa ka ji farashi kafin ka yi wa iyali alkawari. Ana samunsa a Zanzibar, wajen Nungwi da Mnemba. Ka nemi bizar Tanzaniya tun kana gida, ka riƙe katin rigakafin shawara, kuma a Oktoban 2024 Zanzibar ta fara karɓar dala 44 na inshorar dole daga baƙi.

Seychelles kyakkyawa ce mai tsibirai 115, amma tsada da wahalar shiga da koren fasfo sun sa na cire ta. A Maldives yawancin jiragen kwana na inji ne. Cape Verde tana cikin ECOWAS, sai dai Atlantika ba ta wasa da sabon shiga. Karibiyan kuwa nisa, biza, ga guguwa daga Yuni zuwa Nuwamba.

Yanzu ga abin da ya ƙona ni. Tafiyata ta farko wani ejan ne a nan Kano ya haɗa, mutum mai fara'a, "ranka ya daɗe" ba ta barin bakinsa. Ya nuna mini farin jirgi da ƙyalle a buɗe, na ba da kafin alƙalami rabin kuɗi. Da na isa, sai ga kwale-kwalen inji mai rumfar leda, an cusa mu da baƙi goma sha wani abu, kiɗa na tashi, ana shan abin da ake sha. Sandar ƙyallen tana nan amma ko sau ɗaya ba a ɗaga ba. Kwanan da aka ce a teku, a wani masauki muka yi shi. Rana ta biyu ruwan sha ya ƙare tun azahar. Na kira ejan, ya ce shi ma haka aka turo masa hoton.

Saboda haka hoto ba hujja ba ne. Ka ce a yi maka kiran bidiyo daga cikin jirgin, a nuna maka sunansa a jikinsa, wurin kwana, banɗaki da fuskar matuƙin. Wanda ya ce sabis ba kyau yau, gobe ma haka zai ce. Ka tambaya a rubuce: jirgin naka ne kai kaɗai ko haɗaka ne, mutum nawa, dare nawa ne a kan ruwa, awa nawa ake tafiya da iska. Kalmar "dhow cruise" da suke sawa a Instagram sau da yawa yawon awa biyu ne na kallon faɗuwar rana, ba shi kake nema ba. Ka tambayi lita nawa na ruwan daɗi aka ɗauka, su nuna maka jarkokin. Su ƙirga maka rigunan hana nutsewa a gaban kyamara, har da na yara, domin mu mutanen tudu ne, da wuya ka samu ɗaya cikinmu da ya iya iyo. A ce maka akwai rediyon kiran agaji da ƙaramin injin ko-ta-kwana. Kuɗin shiga wuraren da gwamnati ta killace a teku, da abinci, da mai, a fayyace wanda zai biya, don a nan ake yanka mutum bayan ya riga ya hau.

Kada ka tura kuɗi asusun mutum ɗaya da ba sunan kamfanin ba. Kada ka ba da fiye da abin da za ka iya haƙura da shi. A tafiyata ta biyu ko sisi ban tura daga Kano ba: na sauka Lamu, na kwana biyu a gari, na bi bakin ruwa da ƙafata ina duba jirage, na tambayi limamin masallacin da nake salla wane nahodha ne mai amana, sannan muka yi ciniki ido da ido, rabi a tashi, rabi a dawowa.